Kujerar da Andani Ya Gaisar

Wasu shekaru da suka wuce, wata Lahadi da safe, na tarar da takalman taya a bakin ƙofar cocinmu na unguwar Vittin a Tamale, an jera su kai ɗaya kamar na sayarwa. Ni ne mai buɗe ƙofar nan a lokacin, ni ne mai shara, ni ne mai jera kujerun roba, don haka duk abin da aka yar a wurin ni Amidu ake tambaya. Na taɓa tsintar haƙorin roba, na taɓa tsintar hawainiya kwance cikin hular wata mata, amma ban taɓa ganin wanda ya tuɓe takalmi don zai shiga coci ba. Na leƙa. Can gaba, a tsakanin layukan kujeru, wani tsoho cikin batakari, rigar saƙi ta Dagomba, mai launin toka ya tsuguna, kansa a sunkuye, yana tafa hannu a hankali, tafin da ba ya ƙara, irin wanda Dagomba ke yi idan sun zo gaida sarki. Ba kowa a gabansa sai teburin wa'azi da furen roba.

Sunansa Andani. Shekara talatin da ɗaya ya yi a fadar wani ƙauye da ke bayan Tamale, kuma aikinsa guda ne. A ƙasar Dagomba sarki a kan fata yake zama, kuma akwai mutumin da ke fito da fatun nan kowace safiya, ya kakkaɓe su, ya shimfiɗa, ya tsaya gadi kada kaza ta taka, kada wani mai tsautsayi ya ɗora ɗuwawunsa a kai. Andani ke nan. Da sarkinsa ya rasu, aka naɗa wani, shi kuma ya zo da nasa mutanen. Andani ya tattara ya koma unguwar Nyohini wurin 'yarsa Hawawu mai sayar da koko da ƙosai. A can ya ji wa'azi a rediyon maƙwabci, ana cewa Allah yana da Mulki, Sarkin Mulkin kuwa Yesu Almasihu ne, ba ya mutuwa balle a naɗa wani ya zo da nasa mutanen, kuma ƙofarsa a buɗe take ga talaka da baƙo da wanda aka sallama. Ya ce mini da ya ji haka bai tsaya jin sauran ba, takalmansa ya shiga nema.

Tun ranar bai fasa zuwa ba, kuma bai taɓa zama a kujera ba. Na taɓa tura masa ɗaya, ya dube ni kamar na miƙo masa maciji.

"Amidu, wa ka taɓa gani ya zauna a sama a gaban sarki? Ko ɗan da sarki ya haifa ƙasa yake zama."

Idan aka zagayo da kwandon baiko, goro biyu yake sawa, farare, a naɗe cikin ganye. Ba wanda ya san yadda za a yi da su, sai ni nake cinyewa.

Abin da Andani yake so ɗaya ne, a yi masa baftisma. A ganinsa ita ce ranar da Sarki zai ɗaga ido ya dube shi ya ce ya karɓe shi. A cocinmu kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara, ranar Ista, don cikin ruwa ake nutsar da mutum, ruwa kuma a Vittin sai an kira tanka. Ranar ce kuma Babban Fasto ke zuwa daga Accra, wanda kowa ke kira Papa. Kafin sunanka ya shiga takarda sai ka bi ta gaban Elda Majeed, dattijon coci kuma shugaban kwamiti.

Majeed Badagombe ne, ƙauyensu da na Andani rafi ɗaya suke sha. Yana aiki a wani ofis mai na'urar sanyi, yana sa kwat ko a watan Maris lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Tun da ya gina gida a Vittin ya daina Dagbanci a cikin coci. Turanci yake yi da Andani, ni kuma in juya zuwa Hausa, don ni a barikin soja na tashi, Dagbancina na sayen barkono ne. Haka muke zama, mutum biyu masu harshen uwa ɗaya, da ni a tsakiya kamar an kawo Bature.

Shekara biyu a jere Majeed ya ce Andani bai nuna ba tukuna. A shekara ta uku ƙafafun tsohon suka kumbura, numfashinsa ya gajarce, daga bakin titi zuwa ƙofa sai ya tsaya sau biyu. Muka sake zama a ɗan ofishin kwamiti, Majeed a bayan tebur, Andani a ƙasa kusa da kwandon shara.

"Gaya wa Burada Andani," in ji Majeed, "Mulkin Allah ba fadar ƙauye ba ne. Mulki ne mai tsari. 'Yan Mulki suna da kamanni. Baƙo ya shigo ya ga mutum a ƙasa ba takalmi yana tafi, me zai ce? Zai ce masallaci muka buɗe, ko gidan tsafi."

Na juya.

"Tambaye shi," in ji Andani, "Sarkin ne ya ce a zauna a sama, ko shi ne?"

Na ce wa Majeed tsohon yana neman ƙarin bayani. Ɓata bakina na yi, don Majeed yana jin Hausa kamar ni. Ya gyara wuyan kwat ya yanke hukunci. Lahadi shida a jere, a kan kujera, da takalmi a ƙafa, ba tafi, ba goro. Idan ya cika su sunansa zai shiga.

Hawawu ce ke kawo shi a yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, kowace Lahadi, ta zauna a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke waje da mayafinta har a tashi. Ita Musulma ce, ba ta taɓa taka cikin cocin ba. Da na gaya mata sharaɗin, sai da ta gama ɗaure bakin ledar da ke hannunta kafin ta amsa.

"Baba Amidu, addinin nan naku na kujera ne? Mu a namu ko Alhaji mai tanka goma goshinsa ƙasa yake kaiwa."

"Ba na kujera ba ne, 'yata."

"To ka gaya wa mai kwat. Ni ban bi Mba, ubana, ba, ban kuma hana shi ba. 'Yan uwansa sun daina gaishe shi saboda ku. Ko suna aka yi ba a aiko masa da goro. Idan ku ma ba ku karɓe shi ba, na ina ne shi?"

Ta je kasuwa ta sayo masa kambas, ta yanke bayansu da reza don ƙafar ta shiga.

Na ga mutane sun zauna a kujerar likitan haƙori, ban ga wanda ya sha wuya kamar Andani a kan kujerar roba ba. A bakin-bakinta yake ɗosana jiki, gwiwoyi a haɗe, ido a ƙasa, leɓɓansa na motsi. Na matsa kusa wata rana na ji abin da yake faɗa. Haƙuri yake ba Sarki. Idan aka tashi kowa ya watse, sai ya tuɓe kambas ɗin, ya sauka ƙasa da ƙyar, ya yi tafinsa, ni kuma in juya baya in yi kamar ina neman tsintsiya. Majeed kuwa yana wucewa ta gefensa kowace Lahadi ya leƙa ƙafafunsa, kamar mai duba akuyar da zai saya.

A mako na uku aka kawo kujerar. Daga Kumasi ta zo, aka ƙaraso da ita a bayan motokin, babur ɗin ɗaukar kaya, a naɗe cikin leda, mutum huɗu suka shigar da ita. Da aka yaye ledar sai da na ja da baya. An shafe ta da ruwan zinariya, mazauninta jan karan-miski, bayanta ya fi ni tsawo, a kan hannuwanta biyu kuma an sassaƙa kawunan zaki, baki a buɗe. Ɗaya daga cikin zakunan idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, kamar yana mamakin inda ya tsinci kansa. Aka ɗora ta a tsakiyar dandamali, aka zagaye ta da jar igiya, Majeed ya ce duk wanda ya taɓa ta zai gamu da shi. Ta Papa ce, don ranar Ista. A taron kwamiti aka faɗa, ina shara na ji.

Ranar Lahadi Andani ya shigo ya gan ta. Ya tsaya cak a ƙofa. Bayan an tashi ya kama hannuna.

"Amidu, mutanen nan sun yi hankali. Shekara uku ina gaida tebur. Yanzu sun kawo wurin zaman Sarki. Ka ga zaki? Ba a sa wa ƙaramin sarki zaki. Ka ga sun kewaye ta kada kowa ya hau?"

Na buɗe baki zan gaya masa. Sai na kalli kujerar. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan jan mazaunin, ba kowa a kai, cocin shiru. Ni mutum ne da na daɗe ina tunanin Mulkin nan idan ina shara. Nakan ce ko akwai zabi a can, ko ana shara, in kuwa ana yi wa ke yi, tunda an ce na ƙarshe a nan su ne na farko a can. Ban taɓa samun wanda zan yi wannan hira da shi ba tare da an ce na tsufa ba. Ga shi yau wani ya dubi kujerar Kumasi ya ga abin da ya fi ta. Na ji ba na so in ɓata. Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Na rufe bakina, kuma wannan laifina ne, ba na Majeed ba.

Ranar Asabar Andani ya zo da fata a naɗe a kafaɗa, Hawawu na biye da shi tana mita. Fatar bijimi ce, fari da baƙi, ya samo ta wurin makiyayan da ke bayan gari tun ƙafarsa na da ƙarfi, ya jeme ta da hannunsa, ya ajiye ba tare da ya san wa zai shimfiɗa wa ba. Ya kakkaɓe ta sau uku, ya shimfiɗa a gaban kujerar, wuyan yana duban ƙofa, ya ja gefe ɗaya da yatsa har ta kwanta daidai. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Washegari Majeed ya gani, ya ɗauka ƙungiyar mata ce ta sayo, har ya yaba musu a sanarwa, ya ce Papa yana son kayan gargajiya. Matan suka karɓi yabon.

Sauran Lahadi ukun Andani ya zauna a kujerar robarsa da ɗan sauƙi. Ya ce tunda Sarki ya fi shi tsawo yanzu, laifin ya ragu. Sunansa ya shiga takarda, na goma sha bakwai, na ƙarshe. Hawawu ta ɗinka masa farar riga.

Tanka ta zo ranar Asabar, jajibirin Ista, ta cika kwamin baftisma da ke bayan coci. Kafin gari ya waye matan unguwa sun jera jarkokinsu a bakin katanga, don sun san idan an gama ana barinsu su kwashe ruwan su yi wanki. Ƙarfe goma Papa ya iso cikin baƙar jif, da farar kwat, da farin takalmi, wani na riƙe masa laima daga mota zuwa ƙofa, tafiyar taku bakwai. Aka buga ganguna, mata suka kaɗa hankici. Majeed na gaba yana buɗe hanyar da ba wanda ya tare. Ya kwance jar igiyar da hannunsa. Papa ya hau dandamali, ya taka fatar da takalminsa, ya juya, ya zauna tsakanin zakunan nan biyu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ina tsaye a bayan coci. Na dubi layi na uku inda masu fararen riguna suke. Na ga Andani ya sunkuya yana tuɓe kambas.

Ya miƙe. Ya bi tsakiyar coci a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Masu tsaron ƙofa suka ɗauka addu'a yake nema, don tsofaffi sukan yi haka idan Papa ya zo, suka bar shi. Ya hau matakala uku. Ya tsuguna, ya yi wa kujerar tafinsa. Papa ya yi murmushi ya miƙo hannu zai ɗora masa a ka. Andani ya tashi ya kama wuyan hannun.

"Ɗana, tashi. Ba wurinka ba ne."

Papa ba ya jin Hausa. Ya ƙara faɗaɗa murmushin ya ce amin.

Shekara talatin da ɗaya Andani yana ɗaga mutane daga kan fata, mashaya da mahaukata da baƙin da ba su san gari ba. Ya san inda ake kamawa. Ya sa ɗaya hannun a ƙarƙashin gwiwar hannun Papa, ya ɗan juya, sai ga Babban Fasto a tsaye, ya yi taga-taga, tabaransa ya faɗi, makirufo ya yi ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo. Andani bai ko kalle shi ba. Ya kama gefen farar rigarsa ya goge jan mazaunin sau uku, ya sunkuya ya share sawun takalmi daga kan fatar, ya ja gefenta da yatsa ta koma daidai.

Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Wata a cikin mawaƙa ta yi dariya ta mayar da ita tari.

A ranar na fara jin Dagbancin Majeed a cikin coci. Ashe bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya zage Andani tun daga kakansa har zuwa ƙauyensu, da karin harshe mai kyau irin na tsofaffin ƙauye, har na ga wasu mata suna gyaɗa kai don daɗin jin harshen. Masu tsaron ƙofa suka riƙo tsohon ta hammata suka fitar da shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Papa ya mayar da tabarau, ya koma kan kujerarsa, wannan karon ya riƙe kawunan zakunan da hannu biyu. Ya ajiye wa'azin da ya zo da shi ya yi wani sabo, kan yadda Shaiɗan ke aiko mutane su taɓa shafaffu, da yadda wanda bai girmama manzon Sarki ba ba shi da rabo a Mulki. Awa ɗaya da rabi. Tun bai kai rabi ba Majeed ya zaro jan biro ya ja layi a kan lamba goma sha bakwai.

Na ɗauki kambas ɗin na fita. Andani na zaune a ƙasa a gindin dogon yaro, ya jingina, bakinsa a buɗe yana neman iska. Hawawu na yi masa fifita da murfin bokiti. Na tsuguna a gabansa.

"Mba Andani, kujerar nan ta Papa ce. Don shi aka sayo ta."

Ya juyo ya dube ni.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo ta."

Hawawu ta daina fifita. Ban iya kallonta ba.

"Kujerar mutum," in ji Andani. "Na shimfiɗa wa mutum fatata." Ya ja numfashi. "To shi Sarkin, ina yake zama?"

Na gaya masa abin da na sani, ba shi da yawa. Na ce an koya mana Mulkinsa ba irin na duniya ba ne, ba a nuna shi da yatsa a ce ga shi can. Na ce ban taɓa jin an ce ya sayi kujera ba. Abin da na ji shi ne ya taɓa ɗaura tawul a ƙugu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

"Ya durƙusa?"

"Haka aka ce."

"To a ƙasa yake ke nan." Ya rufe ido. "Shekara uku ina zaune kusa da shi, suka ɗauke ni suka ɗora a kan roba."

Muna nan zaune muka ji an fito bayan coci, muka ji waƙa, muka ji ƙarar ruwa sau goma sha shida. Andani yana ƙirgawa da yatsu. Bayan na ƙarshe ya ajiye hannunsa a cinya. Aka koma gaban coci ƙarƙashin rumfa inda aka jera tukwanen jolof. Majeed ya leƙo ta kan katanga ya ce in buɗe wa matan unguwa ƙofar baya su kwashe ruwan, sannan gobe in zo ofis, akwai magana a kan wanda ya bar fata ta shigo.

Na tashi zan tafi, Andani ya riƙe bakin wandona.

"Amidu. A fada, idan manya suka tare ƙofar gaba, akwai wadda mai shara ke bi. Kai bawan fadar nan ne ko ba bawanta ba?"

"Ni shara kawai nake yi."

"An yi maka wankan?"

"Shekara arba'in ke nan."

"Ka san abin da ake faɗa?"

"Na sha ji."

"To me ya rage?"

Abin da ya rage shi ne makullin da ke aljihuna, da ɗan ɗakin da ke jikin coci inda nake kwana shekara goma sha ɗaya. Ban faɗa ba, amma Hawawu ta gani a fuskata.

"Baba Amidu, likita ya gaya mini abin da bai gaya masa ba. Ba zai ga wani bikin naku ba. Kai ka tsaya kana kallo yana gaida kujera don abin ya ba ka sha'awa. Tashi."

Na tashi. Muka bi ta ƙofar baya, ita a dama ni a hagu, matan unguwa na biye da mu da jarkoki. Na ce su dakata kaɗan. Wata ta ce tun asuba suke dakatawa.

Ruwan ya riga ya sauya launi. Man kitso na yawo a samansa, da gashin ido na kanti guda ɗaya yana juyawa kamar ƙaramin kwalekwale, wani mazari kuma ya sauka a bakin kwamin yana kallonmu. Na tuɓe takalmina na shiga da wandona. Matakalar na da santsi, Andani ba zai iya shi kaɗai ba. Hawawu ta tattare zanenta ta riƙe shi har ruwa ya kai mata gwiwa, tana cewa bismilla a kowane taku don kada ya zame. Ban hana ta ba. Da ya iso wurina ya tsaya, ya haɗa tafin hannunsa ya yi tafin nan nasa a saman ruwa, ba ya duban komai.

Na tambaye shi ko ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Ya ce da bai bayar ba me ya kawo shi Vittin. Na kira sunaye ukun da ake kira, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na toshe masa hanci na kwantar da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ɗago shi yana tari, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Kun gama?" in ji mai jarka.

Muna kan fitowa Majeed ya zagayo, da cinyar kaza a hannu. Ya dubi rigar Andani, ya dubi wandona. Wannan karon bai nemi tafinta ba, da Hausa ya yi.

"Wannan ba baftisma ba ce. Wanka ne. Wa ya ba ka izini, Amidu? Wa ya naɗa ka? Babu sunansa a takarda, ba za a ba shi shaida ba, ko a nan ko a Accra."

Andani ya zauna a bakin kwamin, Hawawu na goge masa kai da mayafinta. Sai da numfashinsa ya dawo ya yi magana.

"Majeed ɗan Abdul-Mumuni. Ina tsaye ubanka ya zo fada ba takalmi, ya tsuguna a gaban fatar da na shimfiɗa, ya roƙi gona. Sarki ya dube shi ya gyaɗa kai. Wace takarda aka ba shi? Dawar gonar nan ce ta kai ka makaranta."

"Wannan daban."

"Sarki ya gani. Je ka ci namanka kada ya huce."

Majeed ya dubi matan da ke tsoma jarkoki suna kallonsa, ya juya ya tafi da cinyarsa.

Washegari aka karɓi makullin. Yanzu ina unguwar Gurugu a shagon ɗan ƙanwata, ina kwana tsakanin buhunan siminti, kuma ba laifi, akwai wata mujiya da ke zama a rufin. Andani ya rasu a watan Mayu, bayan ruwa na biyu, a ɗakin Hawawu. Ta ce har ranar ƙarshe bai yarda ya kwanta a gado ba. Ta je coci neman fatar ubanta, aka ce mata duk abin da ya hau dandamali ya zama kayan ikilisiya, kuma Papa ya ce tana yi wa ƙafarsa daɗi.

Ina zuwa sujada har yanzu, ina zama a baya. Kujerar na nan a tsakiyar dandamali da jar igiyarta, fatar na gabanta, sabon mai shara yana shimfiɗa ta a karkace, wuyan na duban bango. Rana ɗaya a shekara Papa yana zuwa ya cika ta. Sauran kwanakin ba kowa a kanta, yadda Andani ya so, sai wani jan-gwada da ke shigowa ta taga ya hau kan zakin nan mai babban ido ya yi ta gyaɗa kai.